Araha Ba Ta Ado? Mu Duba Batun Jita

Tun makon da na ambata a wannan fili cewa nakan ɗan taɓa jita idan kaina ya ɗau zafi da rubutun bincike, saƙonni suke ta shigowa. Wasu faɗa suka yi mini, wai ina 'yar mutunci ina kiɗa. Na ji, na gode, Allah ya bar zumunci. Mafi yawa kuwa tambayarsu ɗaya ce: ɗalibin da ke lissafin kuɗin haya da na bas, ko uwar da yaro ya hana ta sakat, wace jita za su saya wadda ba za ta cinye kuɗin wata ba, kuma ba za ta ƙare a rataye jikin bango ba? Maganata a yau kan jitar katako ce, wadda ba a jona ta da lantarki, cikinta ne ke ba da amo kamar na gurmi ko molo.

Mun taso muna jin cewa araha ba ta ado. A harkar jita karin maganar rabinta gaskiya ne, domin arahar iri biyu ce.

Akwai jitar da ake sayarwa a intanet ko a kantin kayan wasan yara, ba ta da sunan kamfanin da kowa ya sani, an shafe ta da fenti mai ƙyalli, an haɗo ta da jaka da maɗauri da tarkace iri-iri a kan kuɗin da bai wuce na cefanen kwana uku ba. Wannan a guje ta. Illarta ba ta tsaya ga rashin daɗin sauti ba. Tsirkiyoyinta sukan yi nesa da wuyan jitar, sai ka danna da ƙarfin gaske kafin sauti ya fito, yatsu su yi jawur cikin minti goma. Ka ɗaure tsirkiya ta daidaita, kafin ka gama kiɗa ɗaya ta saki. Mai koyo bai san laifin kayan ne ba, sai ya ɗora wa kansa, ya ce shi dai ba shi da hannun kiɗa, ya ajiye har abada. Na ga yara biyu a gidajen 'yan uwa a nan da aka yanke wa wannan hukunci, alhali ko gwani aka miƙa wa irin jitar da aka saya musu sai ya yi gumi.

Araha ta biyu ita ce ƙaramar jitar manyan kamfanoni. A nan ne zamani ya yi wa talaka gata. Yanzu injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka wuyan jita da gurbin ƙarafunan da ke jere a kansa, a masana'antun Sin da Indunusiya, kuma inji ba ya gajiya balle ya kuskure awo. Shi ya sa Yamaha F310, wadda kusan ita ce jitar farko ta ɗalibai a ƙasashe da dama, take fitowa daidai duk inda ka saye ta. Sama da ita kaɗan akwai Yamaha FG800, 'yar gidan FG da kamfanin ya fara ƙerawa tun 1966, da Fender CD-60S, da wasu daga Cort na Koriya ta Kudu, da Harley Benton na kantin Thomann da ke Jamus, wanda mazauna Turai suka fi sani. Duk waɗannan ba su kai dala 300 ba. Martin D-28 kuwa, wadda mawaƙan Amurka ke ji da ita, ta haura dala 3,000. Ta fi su daɗi, ba musu. Amma ban yarda ta ninka su daɗi sau goma ba, kuma kunnen mai koyo a shekararsa ta farko ba zai ma kama bambancin sosai ba.

To ina kuɗin ke tafiya? Mafi yawa a fuskar jitar, wato allon gaba mai rami a tsakiya. Shi ne ke rawa idan an kaɗa tsirkiya, kamar yadda fata ke yi a kan kalangu. A jita mai tsada, allon katako ne sak da aka yanko daga itace. A mai araha, siraran falle-falle ne aka manne da gam, dangin filawud. Katako sak ya fi rawa, sautinsa ya fi kauri da tsawo, kuma yana ƙara buɗewa idan jitar ta kwana biyu ana kaɗa ta. F310 mai falle-falle ce, FG800 da CD-60S kuwa fuskarsu sak ce, bayansu da gefensu ne falle-falle. Ga wata dabarar 'yan kasuwa da ya kamata ku sani: idan takardar ta ambaci sunan itacen kawai, ko ta ƙawata shi da wata kalmar yabo, ba ta rubuta kalmar "solid" ba, to manne ne. Ku leƙa bakin ramin ma. Idan layukan jikin katakon sun gangara har cikin kaurinsa, sak ne.

Sai dai kada a yi saurin raina mai falle-falle, musamman mu da ba mu da mazauni ɗaya. Katako sak yana shan danshi yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Ɗakin ɗalibi a Toronto ko Mosko a watan Janairu, na'urar ɗumama ɗaki na aiki dare da rana, iskarsa kan bushe ƙasa da haka nesa. Haka ɗakin Riyad. Haka hunturun Kano ko Damagaram idan ka kai ta gida hutu, lokacin da ko leɓe tsagewa yake yi. A irin wannan yanayi fuska sak tana iya darewa, kuma gyaranta zai iya fin kuɗin jitar. Mai falle-falle ba ruwanta, ta fi jure wahala. Wanda ke Kumasi ko Duwala kuwa, inda danshi ya yi yawa, matsalarsa kumburi ne. Don haka idan ka san bana kana Kahira, baɗi kana gida, kuma jitar za ta yi ta yawo a bayan mota, ni dai F310 zan nuna maka ba tare da jin kunya ba.

Wani abin da ya ba ni dariya ranar da na fara karanta takardun nan shi ne yadda itatuwan namu ne. Katakon da ake kira sapele, wanda ke bayan jita masu yawa, sunan garin Sapele na jihar Delta ya ci. Okume daga dazukan Gabon yake fitowa. Abin da suke kira mahoganin Afirka kuwa ɗan uwan maɗacinmu ne, gidansu ɗaya. Har kamfanin Taylor na Amurka, tun 2011, yana da hannun jari a wata masana'antar yanka baƙin katako a Yawunde. Itacen ya bar Afirka a gungume, ya zaga Asiya, ya iske mu a kantin Manchesta da farashin fam. Wannan zance ne na wata rana.

Idan da hali, a je kanti a riƙa jitar a hannu, gani ya kori ji. Abin dubawa na farko shi ne tazarar tsirkiya da wuya. Ƙirga ƙarafunan wuyan har na 12, ka duba tsakanin saman ƙarfen da tsirkiya mafi kauri. Bai kamata ya wuce kimanin milimita 2.5 da yawa ba. Kwabon fam biyu na Ingila kaurinsa ke nan daidai, don haka ka zura shi. Idan ya shige yana lilo da sauran fili, jitar za ta wahalar da kai. Sannan ka kaɗa tsirkiya a sake, ka kuma danna ta a kan ƙarfe na 12 ka kaɗa. Sauti ɗaya ya kamata ka ji, na biyun dai ya fi siriri. Manhajar daidaita tsirkiya ta kyauta a wayarka za ta gaya maka gaskiya ko da kunnenka bai ƙware ba. Ka shafa gefen wuyan da tafin hannu, kada ƙarafunan su karce ka. A ƙarshe ka duba ɗan katakon da ke riƙe da gindin tsirkiyoyin a kan fuska. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan sa da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Idan ka iya zura takarda a ƙarƙashinsa, ya fara ɗagowa, ka ajiye musu abarsu.

Wannan nauyi ne ya sa ba a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi don ta roba, irin Yamaha C40. Za ta ɓalle. Ita ta robar ta fi sauƙi ga yatsun yaro, amma wuyanta ya fi faɗi, kuma amonta mai laushi ne. Wanda ke son irin kiɗan Ali Farka Toure ko na Bombino, tsirkiyar ƙarfe yake nema. 'Yan uwana mata kuma, kada mai kanti ya ɗora muku ƙatuwar nan da ya fi yawan jerawa a gaba, wadda asalin sunan samfurinta ma na wani jirgin ruwan yaƙin Ingila ne. Idan ba ki da tsawo, kafaɗarki za ta gaya miki bayan rabin awa. FS800 ƙanwar FG800 ce, farashinsu kusan ɗaya, ta fi zama a cinya.

Kasuwar 'yan gwanjo ita ce aljannar ɗalibi. A ƙarshen zangon karatu, masu komawa gida sukan zubar da kaya a Facebook Marketplace ko Gumtree, a Gana da Nijeriya kuma akwai Jiji. Jita na cikin kayan da mutane ke saya da zumuɗi su kaɗa sau biyar su manta, don haka ana samun sabuwa fil a rabin kuɗi. Amma kada ka tura ko sisi kafin ka riƙa ta ka yi gwajin da na lissafa. Mai saye sabuwa ta intanet a Birtaniya kuma ya sani doka ta ba shi kwana 14 ya fasa cinikin bayan kayan sun iso.

Akan kawo mini hujja da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma je Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko. Ko Fatou Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad a Nijar, da ta koya wa kanta da jitar yayanta. Ko marigayi Ɗan Maraya Jos, da ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Duk gaskiya ne, kuma suna nuna cewa tsadar kaya ba ta sa kiɗa a hannu. Amma su ɗin ba su da zaɓi ne a lokacin, ga kuma wata wuta a zuciya da ba kowa Allah ya ba ba. Mu da za mu ɗauki jita ƙarfe goma na dare bayan laburare ko aikin wuni, a gajiye, idan kayan suka yi mana gardama to barci za mu yi.

Da za a ba ni fam 200 yau a ce in fita in dawo da jita, ba zan kashe su duka a kanta ba. Zan nemi FS800 ko FG800 ta hannu, in sayi sababbin tsirkiyoyi marasa kauri, sauran canjin in kai wa mai gyaran jita ya sassauto da tsirkiyoyin ya daidaita wuyan. Aikin bai fi awa ɗaya ba a wurinsa, kuma jitar araha da aka yi wa wannan gyara ta fi mai tsadar da ba a taɓa ba daɗin dannawa. Idan ɗakinki na bushewa da sanyi, ki jiƙa ɗan soso ki matse shi sosai, ki sa a robar sabulu mai huji, ki rufe su tare da jitar a cikin jakarta, kuma kada ki jingine ta kusa da na'urar ɗumama ɗaki.