In mota ta kife ran kasuwa, ina za a kwantar da mu?

A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta da mutane a Ɗan Isa, washegari kuma gobara ta cinye azuzuwan zana a wata lakwal ta Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. To mu a El Alasan Mairairai, in motar 'yan kasuwa ta kife, ina za a kwantar da mutum 30? Ya kamata asibitocin Mayahi da Tasawa su ware tun yanzu ɗakin da za a kwashe in ta ɓaci, da rumfar dangi. Mu ma 'yan dubiya, iyayena mata, da laifinmu: mukan toshe ƙofa da tabarmi da kwanuka. Mutum ɗaya ya shiga jinya, sauranmu mu tafi ba da jini.