Abuja Ta Leƙa Cikin Ƙwayar Alkama

Duk mai teburin shayi a Agege ko Sabo ta Ibadan ya san kuɗin burodi ba ya zama wuri ɗaya. Dalili kuwa shi ne mafi yawan alkamar da ake niƙawa a Apapa jirgin ruwa ke kawo ta, da dala ake biya. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigowa da alkama don a noma ta gida. Ba a yi shekara bakwai ba aka janye dokar, gonakin Kadawa da na bakin Tafkin Chadi ba su iya ƙosar da injinan niƙa ba.

Mutane kan ce rashin taki ne, ko rashin ruwa. Gaskiya ne, amma akwai wata matsalar da ke ɓoye cikin zangarniya. Alkama 'yar sanyi ce. Bayan ta yi fure, ƙwayar takan fara yin tsawo, sa'an nan ta yi makonni tana tara gari. In zafin watan Maris ya riske ta kafin ta gama, sai ta tsaya nan, ta fito a motse. Manomi ya ga gona kore shar, ranar awo kuwa buhu ba nauyi.

To, a 2019 waɗansu masana a Faransa sun nuna yadda ake ɗaukar hoton ƙwayar alkama da na'ura irin ta hoton ƙashi a asibiti, amma mai ganin abu ƙanƙane ƙwarai. Ba a yanka ƙwayar. Na'ura ta ɗauke ta ta kowane gefe, kwamfuta ta haɗa siffarta, a auna tsawo da kauri, da zurfin tsagin nan na cikinta, har da 'yan ramukan da ido ba ya gani. In aka yi haka mataki mataki, sai a ga lokacin da girma ya tsaya, a kuma gane irin da ke jure zafi.

Nan ne magana ta zo kan Abuja, inda ake yanka kasafin kuɗi, inda kuma hukumar da ke lura da cibiyoyin binciken noma take. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita aka ɗora wa alhakin alkama, ga kuma masanan Samaru. Lalle ya kamata a saya musu irin wannan na'ura, a koyar da masu sarrafa ta, a tanadi wutar da za ta riƙe ta. Hoton da aka ɗauka a sanyin Turai ba zai faɗi abin da rana ke yi wa alkamar Haɗeja ba.

Wani zai ce wannan almubazzaranci ne, tun da manomi ya riga ya san shuka a tsakiyar Nuwamba ta fi ta Janairu. Ya sani, mana. Sai dai in iri da taki suka iso a makare, saninsa bai hana shi shukar makara ba. Masu sa hannu a takardun rabon ne ya kamata a fara ajiye wa hoton motsattsiyar ƙwayar a kan tebur, tun watan Satumba.