Ƙagaggen Labari Ma Bincike Ne

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya kai ajin ƙarshe ya san al'adar: a buga takardun tambayoyi, a shiga ƙauye a rarraba, a komo a zuba amsoshi cikin jadawali, sai a ce an binciki gari. Ni kam a ganina ƙidaya garin aka yi, ba a san shi ba.

Mu ɗauki misalin Busa. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsohon garin, har da wurin da Mungo Park ya halaka a 1806, aka kwashe dubban mutane zuwa Sabuwar Busa da wasu ƙauyukan da aka gina musu. Takardar tambaya tana iya gaya mana ɗaki nawa aka ba magidanci, da eka nawa ya rasa. Amma a wane gurbi zai rubuta cewa kushewar mahaifiyarsa tana ƙarƙashin tafki? Ina layin da masunci zai bayyana yadda ya ji ran da kogin da ya sani dutse-dutse tun yana yaro ya koma shimfiɗaɗɗen ruwa marar alama? Irin wannan sani ba ya shiga cikin "i" ko "a'a".

Shawarata ita ce mai bincike ya zauna a garin, ya saurara, ya rubuta gajeren labari a kan wani mutum ƙagagge, sa'an nan ya koma ya karanta wa mutanen wurin. Nan aikin yake. Wani dattijo zai tare shi ya ce, "Yaro, ba haka ake shiga kwalekwale ba." Wata tsohuwa ta ce mace ba ta bin wannan hanya da almuru. Kowane gyara ilmi ne wanda tambaya ba za ta tono ba, domin mai tambayar bai ma san akwai shi ba. Ga kuma sutura: abin da mutum ke tsoron faɗa da bakinsa game da kuɗin diyya, sai ya ɗora wa mutumin cikin labarin.

Na san malamanmu za su ce ƙage ƙarya ne, kuma malalaci na iya ƙulla tatsuniya daga kan gadonsa. Gaskiya ne. To amma wa bai taɓa ganin ana cike takardun tambayoyi ɗari a gindin bishiya da alƙalami ɗaya ba? Kuma yawancinmu, abin da muka fara ji a jikinmu na zafin bauta da ƙishirwar Sahara, daga Shaihu Umar muka samo shi, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar 1933.

Saboda haka ina roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta kai wannan magana gaban hukumar Jami'a: a yarda babi guda na kundin digiri ya zama labari, da sharaɗin ɗalibi ya haɗa da littafin da ya rubuta bayanansa a garin, da jerin gyare-gyaren da mutanen wurin suka yi masa.