Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai

Akwai wani wasa da Turawa su ke kira dats, watau jifan faifai da 'yan ƙananan kibiyoyi. A da wasan hira ne a gidajen shan giya na Ingila. Yanzu kuwa ya zama sana'a sosai, har Luke Littler, da ya ci gasar duniya a Landan cikin Janairu 2026 yana da shekara 18, fam miliyan ɗaya aka ba shi. To, inda kuɗi ya kai haka, tilas a yi tambaya: wa za a bari ya shiga sana'ar, wa kuma zai zaɓe shi? A kan wannan na ke so mu yi magana.

Bari in fara bayyana wasan, domin wanda bai taɓa gani ba. A kan rataye faifai a bango, cibiyarsa ƙafa 5 da inci 8 daga ƙasa. Mai jifa ya kan tsaya nesa da shi ƙafa 7 da inci 9 da kwata. An raba faifan gida 20, kowane gida da lambarsa. Akwai siririn zobe a bakin faifan, wanda ya same shi an ninka masa lambar sau biyu. Akwai wani a ciki mai ninkawa sau uku. Kowa ya kan fara da 501, ya jefa kibiya uku, a ɗebe abin da ya ci, abokin karawarsa kuma ya jefa nasa. Iyakar abin da kibiya uku za su ci shi ne 180. Wanda ya riga ƙare lissafinsa daidai shi ya ci, amma sai kibiyarsa ta ƙarshe ta faɗa zoben ninki biyu ko cibiya. Misali, wanda ya rage masa 40, sai ya nemi zoben bakin gidan 20. Kun ga ashe wasan na bukatar hannu marar rawa, da kai mai saurin lissafi.

Ƙungiyar da ke riƙe da manyan gasa ita ce PDC, wadda aka kafa a 1992. Tana da kati 128, kuma masu katin nan su ke da ikon shiga gasanninta na cikin shekara. Ƙungiyar tana jera 'yan wasa bisa ga kuɗin da kowa ya ci cikin shekara biyu. In shekara ta ƙare, mutum 64 na sama su riƙe katinsu. Wanda ya faɗo ƙasa da haka, wa'adin katinsa kuma ya cika, sai ya mayar. Daga cikin katunan da aka mayar a kan ba da kaɗan ga waɗanda suka yi fice a gasannin matasa da na masu jiran gado. Sauran, wajen talatin, su a ke kai wa wata jarrabawa da aka fara a 2011, sunanta Q-School, watau makarantar neman kati.

Ba a koyar da kome a makarantar nan, jarrabawa ce zalla. A kan yi ta a farkon shekara. Duk wanda ya cika shekara 16, namiji ko mace, in ya biya kuɗin shiga, a rubuta sunansa. Ɗaruruwan mutane su kan zo. A 2021 aka raba ta hawa biyu. Hawa na ƙarshe kwana 4 ne. Kowace rana a kara biyu biyu, wanda aka kayar ya jira gobe. Wanda ya gagara a yini ya karɓi kati nan take, sauran katunan kuma a ba waɗanda suka fi tara maki cikin kwanakin. Katin na shekara biyu ne.

Ni dai a ganina tsarin nan ya yi daidai, kuma dalilina biyu ne.

Na fari, ba a tambayar mutum ko ɗan wane ne, ko wa ya aiko shi. Ku dubi Gerwyn Price, mutumin Wales. Ɗan wasan rugbi ne, ƙwallon nan da a ke rungumewa a sheƙa a guje. A 2014 ya shiga jarrabawar ya sami kati, a 2021 ya zama zakaran duniya. Da wani kwamiti ne ke zama ya zaɓi sunaye, wa zai tuna da shi? Ku dubi kuma Lisa Ashton ta Ingila. Sau huɗu ta ci gasar duniya ta mata, amma ba a ba ta kati don wannan ba. A 2020 ta kara da maza, ta tara makinta, ta zama mace ta fari da ta sami kati ta hanyar jarrabawar nan. Ba mai iya cewa alfarma aka yi mata.

Na biyu, ba a cin tuwon yau da sunan jiya. Raymond van Barneveld na Holan ya ci gasar duniya sau biyar. A ƙarshen 2019 ya ce ya ajiye kibiya. Da sha'awar wasan ta sake kama shi, ba wanda ya buɗe masa ƙofar baya. A 2021, yana da shekara 53, ya tafi Jamus ya shiga layi tare da yaran da ya haifa, ya jefa, ya ci katinsa. Ita ma Lisa Ashton, da shekararta biyu ta cika ba ta shiga cikin 64 ba, sai ta mayar da nata.

Na san akwai masu cewa wannan rashin tausayi ne. Su kan ce, ƙaƙa za a auna rayuwar mutum da kwana 4? In zazzaɓi ya kama shi a makon fa? Maganarsu da ƙamshin gaskiya. Amma ai don haka aka sa maki, domin wanda ya yi ta ƙoƙari kullum bai kai ƙarshe ba kada ya tashi a banza. Wanda ya faɗi kuma ba a kore shi ba, yana da gasar masu jiran gado da zai yi duk shekara, baɗi kuma ya sake zuwa. Wasu kuma su kan ce a raga wa tsofaffin zakaru, gama sunansu ne ke jawo 'yan kallo. Sai in tambaye su, kati 128 ne kaɗai, na wa za a ƙwace a ba tsohon? Duk alfarmar da aka yi wa wani, wani ne ya biya ta, kuma galibi wanda ba shi da mai yi masa magana.

Amma fa kada yabo ya rufe mana ido. Cikin ɗakin jarrabawa akwai adalci, hanyar zuwa ɗakin ce ba ta da shi. A 2025 wuri biyu kaɗai aka yi ta, Milton Keynes a Ingila da Kalkar a Jamus. Mutumin Ingila ya hau jirgin ƙasa da safe ya isa da rana. Mutumin Afirka ko Asiya kuwa sai ya nemi biza, ya biya jirgin sama, ya biya masauki da abinci na mako guda, bayan kuɗin shiga. In ma ya ci, katin ba albashi ba ne. A 2024 masu kati sun yi ƙananan gasa 30, duka a Turai, wanda kuwa aka fitar a karon fari ya koma hannu wofi, kuɗin tafiya daga aljihunsa. Shi ya sa Devon Petersen na Afirka ta Kudu, wanda ya ci wata gasar PDC a Jamus a 2020, sai da ya koma Ingila da zama. Mutum nawa ne za su iya barin iyali da aiki haka?

Kada wani ya ce ai babu gwanaye a nesa. Cikin Disamba 2025 David Munyua, wani likitan dabbobi daga Kenya, ya je gasar duniya a Landan bayan ya ci gasar share fage ta Afirka. Aka haɗa shi da Mike De Decker na Beljiyam, wanda ya ci wata babbar gasa a 2024. De Decker ya ci zagaye biyu na fari, Munyua ya ci uku a jere, ya fitar da shi. Me ya kai shi can? An kawo gwaji kusa da gidansa ne. Gani ya kori ji.

Saboda haka shawarata ga masu riƙe da wasan ita ce, kada su sassauta jarrabawar, kada su yafe ta ga kowa saboda suna. Amma su ƙara wuraren yinta, ɗaya a Afirka, ɗaya a Asiya, ko da kati biyu biyu ne a fara da su. Su kuma ware wani abu daga ribar gasa don kuɗin tafiyar sababbin masu kati a shekararsu ta fari. Ƙungiyar da ta iya ba mutum ɗaya fam miliyan ba za ta rasa wannan ba. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Gaskiya ne, amma wanda bai iya isa wurin gwaji ba, ƙaƙa za a san shi? Iyakar abin da na gani ke nan, wanda ya ga wani abu dabam, fili na nan.