Abin da ruwa ya cinye, takarda ta riƙe

A Kogin Volga, daura da garin Kalyazin na ƙasar Rasha, akwai wata hasumiyar ƙararrawa da ke tsaye ita kaɗai. An kammala ta a 1800, jingine da cocin Saint Nicholas. Da aka gina madatsar ruwa ta Uglich, sai aka rushe cocin, ruwa ya mamaye tsohuwar unguwar wajen 1940, hasumiyar ce kawai ta tsira. A yau masu zanen fentin ruwa ba sa gajiya da zana ta. Wani zai ɗauka irin wannan zane adon bangon ofis ne kurum, alhali kuwa a tarihin Rasha sau da dama shi ne shaidar da ke saura bayan wuta ko ruwa ko hukuma sun gama da gini.

Haɗuwar coci da kogi a takarda ɗaya tana da asali. Koguna su ne manyan hanyoyin tsohuwar Rasha, garuruwa suka kafu a gaɓarsu, aka riƙa ɗora majami'u a kan tudu inda matafiyi zai hango su daga nesa. Cocin da ke bakin Kogin Nerl, wanda aka gina da farin dutse wajen 1165, har gobe ambaliyar narkewar ƙanƙara kan kewaye shi. Fentin ruwa ya dace da irin wannan wuri: kayansa ba nauyi, yana bushewa nan take, farin bango kuwa farin takardar ne da mai zane ya bari bai taɓa ba. Sai dai ba ya karɓar gyara, don haka dole mai shi ya ƙura ido kafin ya sa hannu.

Hukuma ta daɗe da gane amfanin wannan ƙura ido. A 1800 Sarki Paul na Ɗaya ya tura Fyodor Alekseyev ya zana birnin Mosko. Shi da almajiransa suka bi fadar Kremlin da majami'u da bakin kogi suna zanawa. A 1812 gobara ta lashe mafi yawan birnin, zanen nasu ya zama madogarar masu son sanin kamanninsa na da. Haka fadar Gatchina da sojojin Jamus suka ƙona a 1944: masu gyaran ta sun dogara ƙwarai da zanen fentin ruwa da Eduard Hau da Luigi Premazzi suka yi wa ɗakunanta tun ƙarni na 19. Ba mamaki da aka buɗe wa Sergey Andriyaka makarantar koyar da wannan fanni a Mosko a 1999.

Masu suka suna da tasu hujjar. Zane kan ƙawata abin da ya ga dama, ya nuna ƙubba tana sheƙi cikin ruwa, ya ɓoye talaucin manoman da ke gindinta. Ba ya kuma hana rusau: an tarwatsa babban cocin Mosko na bakin kogi da nakiya a Disamban 1931, garin Mologa ya nutse a tafkin Rybinsk daga 1941, aka tashi mutane kusan 130,000 daga yankin. Gaskiya ne, takarda ba ta biyan diyya. Amma wanda ya rasa gida aka bar masa kamanninsa bai kai wanda ya rasa duka biyun asara ba. Masu cewa kyamara ta wadatar ma ba su yi kuskure ba, muddin an tura mai ɗauka kafin ruwa ya iso, an kuma tanadi inda za a adana.

A nan maganar ta shafi ma'aikacin gwamnati. Najeriya ta san irin wannan rashi, domin tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Duk takardar aikin madatsa ko titi da ta bi ta kan teburin jami'i tana ɗauke da jerin abin da za a gina, da kuɗin abin da za a rushe. Ya kamata a ƙara mata layi guda: wa zai zana ko ya ɗauki hoton masallaci da coci da kasuwa da mashigin da za su ɓace, kuma wace ma'ajiya za ta karɓa. Kuɗin wannan layi bai taka kara ya karya ba, lokacinsa kuwa kafin a sa hannu ne.