Kuɗin Binciken Shari'a Ta Intanet: Aljihun Lauya Ko Na Wanda Ya Ɗauke Shi Aiki?

A ranar 29 ga Yulin 2024, Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, wadda aka fi sani da ABA, ta fitar da matsayarta mai lamba 512 a kan yadda lauyoyi za su yi amfani da fasahar ƙirƙirarriyar basira. Abin da ya fi jan hankalin jama'a a lokacin shi ne batun kare sirrin masu shari'a da haɗarin dogaro da bayanan ƙarya da na'ura ke ƙagowa. Sai dai a cikin matsayar akwai wani sashe da ya shafi kuɗi, wanda ya sake tayar da muhawarar da aka shafe shekaru fiye da 30 ana yi a ƙasar: idan lauya ya shiga rumbun hukunce-hukunce na intanet domin binciken wata shari'a, wa ya kamata ya biya kuɗin shigar, ofishinsa ko wanda ya ɗauke shi aiki?

Kafin zuwan kwamfuta, amsar a bayyane take. Kowane babban ofishin lauyoyi yana da ɗakin karatu cike da kundayen hukunce-hukunce, kuma ba a taɓa rubuta wa mai shari'a kuɗin sayen littafi ba, kamar yadda ba a rubuta masa kuɗin hayar ofis ko na wutar lantarki. Duk waɗannan suna cikin kuɗin aikin da lauya ke caja a kowace awa. Lamarin ya sauya da aka ƙaddamar da rumbun Lexis a 1973, sannan Westlaw ya biyo baya a 1975. Kamfanonin biyu sun riƙa cajin ofisoshin lauyoyi gwargwadon mintocin da aka shafe ko yawan binciken da aka yi, kuma lauya kan shigar da lambar fayil ɗin da yake aiki a kai kafin ya fara. Wannan ya sa aka iya danganta kowane kuɗi da shari'ar da ta jawo shi, ofisoshi kuma suka fara tura lissafin kai-tsaye ga abokan hulɗarsu.

Daga nan ne ƙorafi ya kunno kai, domin wasu ofisoshin kan sami rangwame daga kamfanonin, amma su caji abokin hulɗa cikakken farashi, su riƙe rarar. A watan Disambar 1993, ABA ta fitar da matsaya mai lamba 93-379, wadda har gobe ita ce madogara a wannan fage. Matsayar ta haramta cajin mai shari'a kuɗaɗen gudanar da ofis, irin su haya da inshora da kula da ɗakin karatu, sai fa idan an sanar da shi tun farko. Ta yarda a karɓi kuɗin ayyuka kamar kwafar takardu da binciken kwamfuta, da sharaɗin kada ya zarce abin da aka kashe a zahiri, ko abin da ɓangarorin biyu suka amince da shi kafin fara aiki. Duk rangwamen da ofis ya samu daga waje kuma, na abokin hulɗa ne. Hujjarta ita ce, sana'ar lauya sayar da ilimin shari'a ce, ba cin riba a kan injin kwafi ba.

Ƙa'idar tana da sauƙin aiwatarwa muddin ana biya a kan kowane bincike. Matsalar ta taso ne da manyan ofisoshi suka koma yarjejeniyar farashi ɗaya, inda ake biyan ƙayyadajjen kuɗi duk wata, ko an yi bincike sau goma ko sau dubu. A ce, alal misali, ofis yana biyan Dala 10,000 a wata, alhali jimillar binciken da lauyoyinsa suka yi, idan aka auna da farashin kasuwa, ta kai Dala 40,000. Idan ya caji kowa da farashin kasuwa, ya ci ribar da ƙa'ida ta hana. Idan ya raba Dala 10,000 ɗin a kan waɗanda aka yi wa bincike a watan, to abin da mutum zai biya ya dogara da yawan aikin da aka yi wa wasu: a watan da ayyuka suka yi ƙaranci, bincike iri ɗaya zai fi tsada. Mai shari'a kuwa ba ya ganin yarjejeniyar da ke tsakanin lauyansa da kamfanin, saboda haka ba shi da hanyar tantance lissafin.

Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, manyan kamfanoni da bankuna da kamfanonin inshora, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwar manyan ofisoshi, sun tsaurara sharuɗɗan biyan lauyoyinsu na waje. Da yawansu sun rubuta ƙarara cewa ba za su biya kuɗin binciken intanet ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: tunda rumbun intanet ya maye gurbin ɗakin karatu, har ofisoshi sun rage kantocin littattafai sun sami sauƙin haya, babu dalilin mayar da kuɗin da a da yake wuyan ofis zuwa wuyan abokin hulɗa. Akwai kuma ƙarin dalili, wato yawaitar hanyoyin bincike na kyauta. A 2009 Google Scholar ya fara kawo hukunce-hukuncen kotunan Amurka, sannan Makarantar Koyon Aikin Lauya ta Jami'ar Harvard ta mayar da miliyoyin hukunce-hukunce zuwa na'ura ta buɗe su ga kowa.

Su ma lauyoyin ba su rasa abin faɗa ba. Suna cewa binciken da a da kan ci kwana biyu a ɗakin karatu yanzu ana gama shi cikin awa ɗaya, kuma mai shari'a ne ke amfana da ragin awannin. Haka nan, shari'o'i ba ɗaya suke ba: mai neman a rubuta masa wasiyya ba ya buƙatar binciken da mai ƙarar satar fasaha yake buƙata. Idan aka narkar da kuɗin binciken cikin farashin awa, mai ƙaramin aiki zai riƙa tallafa wa mai babban aiki ba tare da ya sani ba.

Kotunan tarayya ma kansu bai haɗu ba a lokutan da doka ta ce wanda ya sha kaye ya biya kuɗin abokin shari'arsa. Sashe na 1920 na kundi na 28 na dokokin Amurka, wanda ya jero kuɗaɗen da ake ɗora wa wanda aka kayar, bai ambaci binciken kwamfuta ba. A 1983, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Takwas ta yanke cewa kuɗin binciken wani ɓangare ne na ladan lauya, ba a lissafa shi daban. A 2004 kuwa, takwararta ta Shiyya ta Biyu da ke New York, a shari'ar Arbor Hill, ta ce idan ofis ya saba cajin abokan hulɗarsa wannan kuɗi, to a saka shi cikin abin da za a biya shi.

Yanzu ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa lissafin nauyi. A 2023 kamfanin Thomson Reuters, mai Westlaw, ya sayi Casetext a kan Dala miliyan 650 domin mallakar manhajarsa ta CoCounsel, shi ma LexisNexis ya fito da tasa. Irin wannan jari dole masu shi su nemi mayar da shi daga kuɗin rajista, a daidai lokacin da manhajojin ke rage awannin da lauya zai iya caja. Ofis na fuskantar ƙarin kashe kuɗi da raguwar kuɗin shiga a lokaci guda, abin da zai iya jan wasu su koma tsohuwar ɗabi'a. Matsaya ta 512 ta bi sawun ta 1993: lauya mai caji a kan awa zai rubuta lokacin da ya ɓata a zahiri ne kawai, ba zai caji mai shari'a lokacin da ya ɗauka yana koyon manhajar da zai riƙa amfani da ita a aikinsa na yau da kullum ba, kuma manhajar da ta zama kayan aikin ofis tana cikin kuɗin gudanarwa. Inda wani kamfani na waje ya caji ofis a kan takamaiman aikin mutum ɗaya, a nan ne ake iya miƙa masa ainihin kuɗin. Nauyin tantance sakamakon kuma yana kan lauya, kamar yadda aka gani a watan Yunin 2023, lokacin da wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi Dala 5,000 a shari'ar Mata da kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen bogi da ChatGPT ya ƙago.

Wannan muhawara ba ta yi nisa da Nijeriya ba. Lauyoyin da suka tashi da kundayen Nigerian Weekly Law Reports, waɗanda marigayi Cif Gani Fawehinmi ya assasa a 1985, a yau da yawansu suna biyan kuɗin rajista ga manhajoji irin su LawPavilion. Sashe na 16 na Dokar Lauyoyi ya tanadi cewa lauya ba zai kai ƙarar neman ladansa ba sai ya miƙa takardar lissafi mai bayanin manyan abubuwan da ya caja, kuma wata guda ya wuce, sannan dokar ta ba abokin hulɗa damar neman kotu ta tantance lissafin.

Darasin da ke cikin abin da ya faru a Amurka shi ne, kuɗin rajistar da ofis zai biya ko da mai shari'a ya zo ko bai zo ba, kuɗin ɗakin karatu ne da ya sauya kama, kuma wurinsa yana cikin ladan aiki. Abin da aka kashe musamman saboda shari'ar mutum ɗaya ne ya cancanci a rubuta masa, a kan ainihin farashinsa. Ga duk mai shirin ɗaukar lauya, hanya mafi aminci ita ce ya tambaya tun ranar farko ko za a caje shi kuɗin bincike, da yadda ake lissafa shi, kuma ya nemi a sa amsar a rubuce cikin yarjejeniya, domin tun ran gini tun ran zane.