Kalmar "Salsa": Asalinta, Yawonta da Gardamar da Ke Kanta

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin ɗaliban harshe, watau da zarar mutum ya gano inda wata kalma ta samo asali, sai ya ɗauka ya kama ma'anarta ta gaskiya, duk wata ma'ana da ta biyo baya kuwa ɓata ce irin ta marasa sani. Wannan ra'ayi yana da daɗin ji, amma idan aka matsa shi ba ya tsayawa. Kalma guda ta Sifaniyanci, watau salsa, ta isa ta nuna haka, domin ta tashi daga gishiri, ta faɗa tukunya, sa'an nan ta fito ta hau dandalin rawa. Sai dai kuma masu ƙorafi a kanta ba duka maganarsu ce ta banza ba, kamar yadda mai karatu zai gani.

A harshen Latin, wanda Rumawan dā suka yi magana da shi, sunan gishiri sal. Daga nan aka sami siffar salsus ga namiji, salsa ga tamace, ma'ana abin da aka sa wa gishiri. A zamanin da babu injin sanyi, gishiri shi ne babbar hanyar adana kifi da nama, kuma ruwan ɗanɗanon da Rumawa suka fi so a kan abinci daga kifin da aka jiƙa cikin gishiri ake tace shi. Sannu a hankali siffar ta koma suna, aka riƙa kiran duk wani romo ko haɗin da ake zubawa kan abinci da ita. Italiyanci da Sifaniyanci sun riƙe kalmar kamar yadda suka gāje ta. Faransanci kuwa yana da wata ƙa'ida ta sauyin sauti wadda ta mai da al ta koma au idan baƙi ya biyo baya, shi ya sa salsa ta zama sauce a bakin Faransawa, kamar yadda alba, watau asuba, ta zama aube. Daga wurinsu Ingilishi ya ara, bayan da Normandawa suka ci Ingila a shekarar 1066 suka cika harshen da kalmomin girki da na mulki. Can daga baya Ingilishin ya sake aro kalmar kai tsaye daga Sifaniyanci, ya zama yana da ita biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowace da aikinta.

A nan ya kamata a ɗan ratse. Ana yawan ba da labari cewa kalmar Ingilishi ta albashi, salary, ta samu ne saboda wai da gishiri ake biyan sojojin Rum. Gaskiya ne kalmar tana da dangantaka da sal, amma babu wani rubutu na wancan zamani da ya ce gishiri aka riƙa miƙa wa soja a madadin kuɗi. Labari ne mai daɗi, shi ya sa ya ƙi mutuwa. Haka aka daɗe ana koyar da cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi ta fito, har Paul Newman ya nuna a shekarar 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba. Wanda zai kafa hukunci a kan asalin kalma, to, ya fara tabbatar da asalin tukuna.

Kalmar ba ta tsaya a Turai ba. Ta bi jiragen fatake ta kewaye Bahar Rum, Girkawa suka ce saltsa, Turkawa suka ce salça, Larabawa suka ce salsa da harafin sadi. A Turkiyya da Masar da Sudan ma'anarta ta tsuke, ta fi komawa kan niƙaƙƙen tumatir mai kauri, irin na gwangwani. Gishirin da aka faro da shi ya ɓace daga tunanin mai magana ƙaƙaf, ba kuma wanda ya taɓa cewa matar da ta aiki yaro sayen salsa a Omdurman ta yi kuskuren Latin.

Inda maganar ta fara nauyi shi ne Meziko. Lokacin da Sifaniyawa suka ci birnin Tenochtitlan a shekarar 1521, sun tarar da mutanen Aztek suna da nasu haɗe-haɗen na barkono da tumatir da ƙwayar kabewa, ana niƙa su a turmin dutse. Wani limamin Kirista, Bernardino de Sahagún, wanda ya share shekaru yana tattara bayanan rayuwar mutanen, ya bayyana masu sayar da irin waɗannan haɗe-haɗe a kasuwa, da mai zafi da mai ɗan dama. A harshensu na Nahuwatil sunan abin molli. Baƙin suka ɗauko tasu kalmar suka ɗora a kai. Molli ba ta mutu ba, tana nan a sunan wata miya mai kauri da ake kira mole, tana nan kuma a wutsiyar guacamole, watau haɗin fiya. Amma sunan da ya zagaye duniya na masu cin ƙasar ne. Har ta kai a shekarar 1991 kuɗin da Amurkawa suka kashe wajen sayen salsa ta kwalba ya zarce wanda suka kashe a kan ketchup, alhali kaɗan ne daga cikin masu sayen suka san cewa girkin ya girmi zuwan Sifaniyawa. Shi ma tumatir ɗin daga kalmar tomatl ta Nahuwatil sunansa ya taso, ya yi ta ratsa harsuna har ya iso bakin Bahaushe.

To, yaya aka yi miya ta zama kiɗa? Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, shi da yake cewa an ƙara wa labari gishiri, ko wance gishirin gida ce, ko kuwa magana ta yi lami. Ɗanɗano yana daga cikin abubuwan da harsuna suka fi ara don siffanta abin da ba a ci. A ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, idan mutum ya sami wurin da ya saki jiki sai a ce yana cikin salsarsa, kamar nama a cikin romonsa. Makaɗan Kyuba kuma sun daɗe suna ambaton kalmar idan suna son kiɗa ya ƙara zafi. Tun farkon shekarun 1930 Ignacio Piñeiro ya yi wata waƙa mai suna Échale salsita, watau a ɗan zuba mata miya. Amma a lokacin ba a kiran kiɗan da wannan suna. Sunansa son, ya taso daga gabashin Kyuba, inda garayar Sifaniyawa ta haɗu da gangunan bayin da aka kwaso daga Afirka, daga ƙasar Yarbawa da Kalaba da Kwango, a tsibirin da bai soke bauta ba sai 1886. Daga gidan son da danginsa aka sami mambo da sauransu, kowane da sunansa.

Bayan juyin juya halin Kyuba na 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba mata, hanya ta toshe tsakanin Havana da New York. Matasan unguwannin talakawa na New York, galibinsu 'ya'yan mutanen Puerto Rico, suka ci gaba da kaɗa abin da suka gāda. A shekarar 1964 Johnny Pacheco, makaɗi ɗan Jamhuriyar Dominika, da wani lauya Jerry Masucci suka kafa kamfanin faifai na Fania. Kamfanin yana bukatar suna guda, gajere, mai sauƙin faɗa, wanda zai rufe dukan waɗannan kaɗe-kaɗe, wanda kuma ba zai tuna wa mai saye da Kyuba ba. Salsa ta cika sharuɗɗan. A Venezuela ma an riga an fara amfani da ita a rediyo da kan faifai tun tsakiyar shekarun 1960, amma Fania ce ta yi mata shela, musamman bayan babban wasan da mawaƙanta suka yi a filin Yankee a 1973.

Tsofaffin makaɗa ba su ji daɗi ba. Tito Puente, wanda ya fara kaɗa mambo tun kafin a haifi wasu daga cikin taurarin Fania, ya sha nuna cewa shi salsar da ya sani ta zubawa a abinci ce, abin da yake kaɗawa kuwa kiɗan Kyuba ne. Mutanen Kyuba da yawa suka ɗauki sabon sunan a matsayin wayon 'yan kasuwa, an ɗauki akuyar mutum an sake mata kunne an kai ta wata kasuwa. Wannan ƙorafi yana da tushe. Arsenio Rodríguez, makahon nan da ya faɗaɗa ƙungiyar son a shekarun 1940, ya shigar da doguwar ganga da fiyano da ƙarin kakaki, watau ya gina ginshiƙin da salsa ta hau, ya rasu a Los Angeles a ƙarshen 1970 ba tare da duniya ta damu da shi ba, daidai lokacin da wasu ke shirin yin arziki da tsarinsa. Idan suna ya canza, sau da yawa haƙƙi yana bin sabon sunan.

Duk da haka, a nan ne ya kamata a raba gardamar gida biyu, domin masu ƙorafin sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Cewa a tuna da Kyuba da Arsenio magana ce ta tarihi da adalci, kuma tana kan hanya. Cewa kalmar ba ta dace ba domin asalinta miya ce, wannan kam ba hujja ba ce. In da asali ne alƙali, da ita kanta miyar ba ta cancanci sunan ba, sai abin da aka barbaɗa wa gishiri kaɗai. Da kuma Bahaushe ya daina cewa ɗan bariki sai ga wanda ke kwana a sansanin soja, ya daina kiran farfesu da sunansa idan barkonon ya yi kaɗan. Bugu da ƙari, ba gaskiya ba ne cewa babu sabon abu a ƙarƙashin sabon sunan. Willie Colón ya fito da amon ƙaho mai kaushi wanda ya dace da rayuwar titunan Bronx, aka cusa kaɗe-kaɗen Puerto Rico irin su bomba da plena, Rubén Blades ɗan Panama kuma ya shigo da waƙoƙin siyasa da halin talaka, kamar a faifansu na Siembra na 1978. Jama'ar da ta fito daga ƙasashe dabam-dabam, ta tsinci kanta a ƙasar da ke yi mata kallon bare, ta sami suna guda da za ta taru a ƙarƙashinsa. 'Yan kasuwa ne suka tallata sunan, amma da jama'a ba su ga kansu a ciki ba da ya bi sahun dubban sunayen talla da aka manta. Celia Cruz, wadda 'yar Kyuba ce ta haihuwa, ta karɓi sunan hannu biyu har aka yi mata laƙabi da sarauniyarsa.

Da wannan suna ne kuma kiɗan ya sake tsallako teku. A 1974 ƙungiyar Fania ta yi wasa a Kinshasa, a bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman, a gaban mutanen da tun shekarun 1940 suke sauraron faya-fayan Kyuba suna gina rumbarsu a kai. A farkon shekarun 1990 Ibrahima Sylla na Senegal da Boncana Maïga na Mali, wanda ya yi karatun kiɗa a Kyuba, suka kafa Africando, mawaƙan Afirka ta Yamma suna rera salsa da Wolof da wasu harsunan yankin tare da makaɗan New York.

Saura aikin mai fassara da mai ƙamus na Hausa, wanda ko ba daɗe ko ba jima zai ci karo da kalmar. Ga kiɗan da rawar, babu dalilin wahalar da kai da ƙirƙira, a bar su da sunansu salsa, amma a rubuta a ƙarƙashi cewa tushensu son ne na Kyuba, aka raine su a New York. Ga abincin ne ake da matsala, domin miya a wurin Bahaushe dafaffiya ce, abokiyar tuwo, ita kuwa salsar Meziko sau da yawa ɗanya ce, tumatir da albasa da attarugu da ruwan lemun tsami, ana dangwala. Ta fi kusa da haɗin da mai tsire ko mai ƙosai ke yankawa a gefen takarda, sai dai shi wannan haɗin ba a yi masa suna guda ba.